Masu RX-7 a Legas, ku faɗa mana yadda kuka ƙare da ita

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An nuna min Mazda RX-7 ta hannu a wajen Ikeja, ƙirar FD (zubi na uku na RX-7) ta 1993, mai turbo biyu, sitiyari a hagu. Ban taɓa mallakar mota ba, amma wannan ta daɗe a raina. Mai ita ya ce lafiyarta ƙalau, ya tashe ta a gabana, bugu ɗaya ta kama. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irinta ko ya gyara ta, ya faɗa min abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji ba.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na riƙe FC Turbo, yayar wadda aka nuna maka, kuma har gobe ban tuƙa motar da ta kai ta daɗi ba. Amma tashin da ya yi mata a gabanka bai gaya maka komai ba. Injin da ya gaji yakan tashi da sanyi lafiya lau. Ka ce ya ba ka ita ku zaga har ta yi zafi sosai, ka kashe, ka ɗan jira kaɗan, sannan ka sake murza makulli. In ta tsaya jan ƙafa kafin ta kama, ƙarfin matsin injin ya fara tafiya. Tawa haka ta fara min a gidan mai a Oshodi: na sha mai, na murza, ta ƙi, motoci a bayana suna ta hon. Sai da ta huce ta tashi. Ba a jima ba aka sauke injin.

Bakaniken Idi-Araba: Alhaji ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara, don yawancin masu gareji a garin nan ba su taɓa buɗe irin wannan injin ba. Babu fistin a cikinsa, babu bawul. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro shi. Ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gidansa, guda biyu ne a 13B, wato injin motar nan, dukansu lita 1.3, amma FD ta fito da ƙarfin doki 255. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da yake gogar bango yana tare matsi. Rayuwar injin gaba ɗaya a kan waɗannan take. Guda ɗaya ya gutsure, sai ya karce bango, wani lokaci gutsuren ya fita ya ci turbo.

Saboda haka gwajin matsi shi ne cinikin. Kuma ba da ma'aunin da muke sa wa Corolla ba, wannan lamba ɗaya zai nuna maka, mafi girma, ya ɓoye fuskar da ta mutu. Lambobi shida kake nema, uku a kowane ɓangare, injin yana da zafi, kuma su kasance kusa da juna. An taɓa jawo min wata da igiya daga Surulere, mai ita sabon saye, jikinta kamar yau ta fito. Da muka gwada, ɓangaren baya babu komai. Na ji tausayin yaron nan ƙwarai, kuɗin da ya tara duka ya zuba. In mai motar ya ƙi yarda a gwada, ka yi masa sallama.

Mai Shago a Mile 12: Ni zafi ne ya kashe tawa. Cunkoso a gadar Third Mainland da rana tsaka, allurar zafin inji ta ɗaga sau ɗaya kacal. Akwai wani ɗan tankin ruwa na roba kusa da injin FD, shekaru sun busar da shi, ya tsage. Bayan kwana kaɗan sai farin hayaƙi da safe, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Robar da ke tare ruwa a cikin injin ce ta ƙone, kuma ba a canza ta sai an wargaza shi gaba ɗaya. In ka saya, kafin ka yi mata fenti ko taya, ka sa lagireto babba na alminiyam, ka canza tankin nan, ka tabbatar fankokinta biyu suna aiki. Sannan ga damina. Motar a ƙasa take sosai, ranar da ruwa ya cika hanyar Lekki ba ta fita.

Maman Ilham: Maigidana yana da ita, ni kuma nake ganin kuɗin mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 sai ranar Lahadi take fita, lokacin da hanya ta yi sauƙi. Kada lita 1.3 ta ruɗe ka, tana shan fetur fiye da babbar motar da muke kai yara makaranta. Kuma an hana kowa a gidan ya tashe ta don matsar da ita kawai ya kashe. Wani yaro ya taɓa yi da safe don a share wurin, fetur ya cika ta, sai da aka kwance fulogi huɗun aka busar. In ita kaɗai ce za ta zama motarka ta zuwa kasuwa kullum, ɗana, ban ba ka shawara ba.

Baban Khalifa: Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Wanda bai saba da wata mota ba ya fi saurin koyon ɗabi'arta, in dai yana da kuɗin sauke inji a ajiye a gefe. Kuma kada ya tsorata in ya ga baƙin mai yana raguwa. Da gangan aka yi ta tana ɗiga shi a cikin injin don ƙarafan nan su samu santsi. Duk shan mai na biyu nake jawo sandar in duba. Ni har baƙin man babur, irin wanda ake haɗawa da fetur, nakan ɗan zuba a tankin fetur.

Mai Kayan Ladipo: Ku yi maganar takardu ma. An daina ƙera RX-7 a 2002, ta wuce shekarun da Kwastam ke bari a shigo da mota, don haka sai wadda ta riga ta shigo, kuma ka duba takardar biyan kuɗin fito da kyau. A Amurka FD ƙirar 1993 zuwa 1995 kawai aka sayar. Yawancin na baya na Japan ne, sitiyari a dama, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu ba. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod ka ga ko juya sitiyarin aka yi.

Kayan gyara kuwa, birki da fulogi za mu nemo maka. Na cikin inji sai an yi oda daga Japan ko Amurka, da dala, ka jira makonni.

Bakaniken Idi-Araba: Saura abu ɗaya. Ƙarƙashin murfin injin akwai ƙananan tiyo birjik, a cukurkuɗe kamar taliya, su ke sarrafa turbo biyun. Zafi yana mai da su ƙanƙararru, ka taɓa ɗaya ya karye a hannunka. Ku hau hanya mai sarari, ka taka a giya ta uku. Wajen juyin inji 4,500 a minti za ka ji ta ɗan sassauta, sai na biyun ya shigo ta ƙara zabura. In bai shigo ba, akwai aiki a wurin. In kuma ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a lokacin da ka taka, ɗaga ƙafarka nan take, fetur ɗin bai kai ƙarfin da take so ba. Ka sanar da ni ranar da za ku je Ikeja, zan zo da ma'aunin, amma ka ce masa kada ya tashe ta kafin mu iso.