Wankin haƙorin Maman Hanif

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a ɓace tun jiya. Wata uku ke nan duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, ga Baban Hanif ya fara yi min zancen warin baki a fakaice. Na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa don a yi min wankin nan da kowa ya sani. Matar ta ɗauko wani siririn ƙarfe tana zurawa tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lambobi wata yarinya na rubutawa, 3, 5, 4, 6. Da ta gama sai ta ce wankin sama ba zai yi min ba, sai an shiga ƙarƙashin dasashi an kankare har saiwar haƙorin, da allurar kashe zafi, kuma zuwa biyu, wannan satin ɓarin dama, wani satin na hagu. Kuɗin da ta yanka min ya haura rabin albashina. Da na dawo gida na ɗauki hoton bakina da waya, na tura wa wani likitan haƙori da ke duba mutane ta intanet, na biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya ce a hoton bai ga abin tayar da hankali ba. To don Allah ba wanke ni suka so yi ba? Wallahi masu asibitin kuɗin nan 'yan kasuwa ne kawai.

Gwaggo Larai: Sannu 'yar nan, Allah ya sawwaƙe. Kar ki yarda a taɓa miki haƙori. Maƙwabciyata aka yi wa wankin nan, da haƙoranta a haɗe reras, ta dawo duk giɓi-giɓi, ruwan randa ma ba ta iya sha. Ki riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ki tauna kanumfari.

Kawu Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya. Amma ina da tambaya. Da kika ce 'yan kasuwa ne kawai, me kike nufi? Ɗan kasuwa shi ne macuci ke nan?

Maman Hanif: A'a Kawu, wallahi ba haka nake nufi ba. Ina nufin kuɗi ne a gabansu.

Kawu Ɗanladi: To ai kin ƙara maimaitawa. Shekarata 31 a Kantin Kwari, ban taɓa sayar wa mutum yadi huɗu da rabi na ce biyar ne ba. Da kasuwar nan aka biya kuɗin makarantar rabin waɗanda ke cikin zauren nan. In macuci kike son cewa ki ce macuci, Hausa ba ta ƙare ba.

Habu Mai Waya: Gaskiya Kawu ya faɗa. Mu da muke wuni a tsaye a kasuwar waya ta Farm Centre kullum mu ne abin misali in ana zancen cuta. Ma'aikacin gwamnati da ke zuwa ofis ƙarfe 11 ya tashi kafin La'asar, shi ba wanda ke kiransa komai.

Maman Hanif: Habu, ni malamar makaranta ce, ƙarfe bakwai da rabi ina gaban allo. Kar ka jefe ni da wannan.

Yaya Usman: Ni ne na tura ta wurin, don haka dole in yi magana. Matar nan ƙanwar abokina ce, na san gidansu, na san tarbiyyarsu. Ita ta cire min haƙorin da ya hana ni barci sati biyu, ba ta ƙara min ko sisi ba. Mutumin da ba ki taɓa gani ba, ba ki san ko a ina yake zaune ba, ya kalli hoto ya yi magana, shi ne mai gaskiya, wadda ta sa hannu a bakinki ita ce maƙaryaciya?

Maman Hanif: Yaya, shi ba shi da abin da zai ci a jikina, shi ya sa na fi yarda da shi.

Yaya Usman: Ba kin ce kin biya shi ba?

Anti Nas: Ku ɗan tsaya don Allah. Maman Hanif, lambobin nan da kika ji ana kira su ne gaba ɗayan maganar, kuma ba wanda ya waiwaye su. Ƙarfen nan awo yake yi, yana da zane kamar na rula. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami a bakin kowa. In zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne, lafiya ƙalau. Daga 4 an fara sa ido. In aka kai 5 da 6, ga jini, to dasashin ya fara sakin haƙorin, kuma burushi ba ya kaiwa can ƙasa, wankin sama ma haka. Wannan ramin kyamarar waya ba ta ganinsa, ko da wayar ta miliyan ce. Ban ce matar ta yi daidai ba, ban ga takardar ba. Amma hoton baki ba zai ƙaryata awo ba.

Gwaggo Larai: Ke dama ai ba za ki ga laifin ma'aikacin asibiti ba. Duk kanwar ja ce.

Anti Nas: Gwaggo, ni a asibitin gwamnati nake, ba ni da ko kwabo a asibitin kowa. Kuma na san ana yi, akwai wuraren da ake ɗora wa mutum aikin da bai kai a yi masa ba. Shi ya sa na ce a duba takarda.

Ɗan Auta: Anti Maman Hanif, ina ajin ƙarshe a karatun haƙori, bari in ƙara a kan abin da Anti Nas ta ce. Neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinki ne, ba laifi ba ne, ko ta intanet ne. Amma abin da za ki tura masa ne ba ki tura ba. Ki koma ki ce su ba ki abu biyu: takardar awon nan, wadda ake auna wuri shida a jikin kowane haƙori, da hoton ƙashi in sun ɗauka. Hoton ƙashi ne ke nuna ko ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. In 4 ne jefi-jefi kuma ƙashi lafiya, wataƙila kumburin dasashi ne kawai, wankin sama da gyara yadda kike goge baki su isa. In kuwa 5 da 6 ne a wurare da yawa kuma ƙashi ya ja baya, aikin da ta faɗa shi ne maganin. Ki kuma tambaye ta haƙora nawa ne abin ya shafa, don wani lokaci ba duk bakin ne ke buƙata ba, kuɗin ma sai ya ragu.

Ɗan Auta: Gwaggo, maganar maƙwabciyarki kuma, ba wankin ne ya yi giɓin ba. Dattin ne ya daskare ya zama kamar dutse ya cike tsakanin haƙoran, dasashi kuma ya kumbura ya rufe. Da aka cire dutsen kumburin ya saɓe, sai wurin da ciwon ya riga ya cinye ya bayyana. Tsamin ruwan sanyi kuma yakan yi kwanaki ko 'yan makonni ya lafa.

Gwaggo Larai: Auta, ni zan ga abu da idona ka ce min ba haka ba ne? Ranar da aka haife ka ni na yi maka wankan farko.

Habu Mai Waya: Likita bai zama likita ba tukuna ya fara gyara wa manya zance.

Ɗan Auta: Allah ya huci zuciyarki Gwaggo, ban yi don raini ba.

Malam Sani: Duk wannan wahalar barin sunna ce ta jawo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin aswaki a kowace salla. Kakanmu ya rasu da haƙoransa a bakinsa, bai san burushi ba, bai san man goge baki ba.

Anti Nas: Malam, kakanmu da na sani ko wani? Ni na riƙa dama masa fura saboda ba ya iya tauna nama.

Malam Sani: Wannan tsufa ne, ba ciwo ba.

Ɗan Auta: Malam, aswaki yana da amfani sosai, ba wanda ya musa. Yana cire dattin da bai daskare ba in ana yi yadda ya kamata. Amma in ya riga ya zama dutse, ba aswaki ba, ba burushi ba, ba gawayi ba, sai ƙarfen asibiti. Kuma haƙoran da tsofaffinmu ke zubarwa ba tare da tsutsa ta ci su ba, da yawa wannan ciwon dasashin ne. Ba ya zafi sai ya yi nisa, sai dai mutum ya ji haƙori na girgiɗi.

Kawu Ɗanladi: Ni har yanzu ba a janye kalmar nan ba.

Maman Hanif: Kawu na janye, ka yafe min. Macuta nake nufi.

Yaya Usman: Au, yanzu kuma ƙanwar abokin nawa ce macuciya? Gara ma 'yan kasuwar.

Kawu Ɗanladi: Usman, me kake nufi da gara ma?

Yaya Usman: Kawu ba da kai nake ba.

Habu Mai Waya: Da wa kake to? Lokacin bikin Ummi wa ya ba da atamfar anko bashi har yau wasu ba su biya ba? Ɗan kasuwar nan ne dai.

Gwaggo Larai: Habu ka kiyaye ni. Ni na biya nawa a gaban Hajiya.

Habu Mai Waya: Ban kama suna ba Gwaggo.

Anti Nas: Maman Hanif, rabu da su. Turo mana ainihin abin da likitan intanet ɗin ya rubuta, kar ki taƙaita.

Maman Hanif: Da Turanci ya rubuto, ga ma'anarsa. Ya ce a hoton ya ga dasashin ya ɗan yi ja, akwai datti a bayan haƙoran ƙasa na gaba, amma bai ga abin tayar da hankali ba. Sai a ƙarshe ya ce ba zai iya tabbatar da ko ina buƙatar aikin ko ba na buƙata ba sai ya ga awon da hoton ƙashi.

Anti Nas: To kin gani. Bai ce kar ki yi ba. Ke ce kika tsaya a inda ya yi miki daɗi.

Maman Hanif: Anti, in da ya ga matsala ai da ya faɗa.

Yaya Usman: Wai ma kin tabbatar likita ne? Akwai hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, MDCN. Kin ga lambar rajistarsa?

Maman Hanif: Ita ta wurin taka ka ga tata?

Yaya Usman: Na ga takardunta a rataye a bango.

Habu Mai Waya: Takarda a bango ai ko ni zan iya bugo maka ita a shago.

Ɗan Auta: Anti Maman Hanif, abu ɗaya kuma. Kin taɓa gwada suga kwanan nan? Ciwon suga da ciwon dasashi suna tafiya tare, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi, kuma kin san yana cikin gidan nan. Juna biyu ma yana sa dasashi jini. In kuɗin ne matsala, ki je sashen haƙori na asibitin koyarwa, su sake aunawa da hannunsu. Za ki sha layi, amma wannan shi ne ra'ayi na biyu na gaske. Ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa, shi ya sa nake ta nanatawa.

Gwaggo Larai: Kai Auta, a gaban kawunnanta da yayyenta maza kake tambayarta juna biyu? Wannan wane irin karatu ne?

Malam Sani: Gaskiya bai dace ba. Akwai maganar da ake yi a keɓe.

Ɗan Auta: Ban tambaye ta ba, faɗa kawai na yi.

Malam Sani: Kuma ka ce suga na cikin gidan nan. Gidan wa? Mu dai ɓangarenmu ba mu da shi.

Anti Nas: Malam, ni nake karɓo wa mutum biyu magani a ɓangarenku duk wata.

Malam Sani: Wannan kuma tona asiri ne.

Yaya Babba: Jama'a ya isa haka. A matsayina na mai kula da zauren nan, ga abin da aka cimma. Na ɗaya, Maman Hanif ta yi kuskure da ta zagi 'yan kasuwa, ta kuma janye, muna godiya ga Kawu da ya yi haƙuri irin na manya. Sana'ar kasuwa ita ce ta riƙe gidan nan tun daga kan kakanni, kowa ya san haka. Na biyu, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna cewa wankin nan yana da illa, kuma likitan intanet ya ce ba ta buƙata, don haka ta riƙe gishiri da aswaki kamar yadda Gwaggo da Malam suka ba da shawara. Na uku, yaranmu masu karatu su riƙa sanin yadda ake magana a gaban manya. Maganar kuɗin anko kuma, duk wanda ya san ana binsa ya kai shago kafin Juma'a.

Anti Nas: Yaya Babba, likitan bai ce ba ta buƙata ba. Rubutun yana nan sama, kowa ya koma ya karanta. Kuma mutum ɗaya ne ya ce wankin yana da illa.

Yaya Usman: Ba a kuma ce komai ba a kan kiran baiwar Allah macuciya.

Maman Hanif: To ni yanzu in na je karɓar takardar awon, za su ba ni ko sai na sake biya? Yanzun nan da na yi alwalar Isha ma sai da jinin ya fito.

Yaya Babba: Na rufe zauren sai bayan sallar Asuba. Mai sauran magana ya kira ni.