Ina nauyin gawayi yake tafiya?

Auwalu: Assalamu alaikum mutanen gida. Daren jiya sanyin Jos ya hana ni barci, na zauna gaban kasko. Gawayin da na sayo a Farin Gada na zuba wajen kilo guda, da asuba tokar da ta rage ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ni dai na ce wannan shi ne E=mc² na Einstein, nauyin gawayin ne ya rikiɗe ya zama zafi. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Yaya Hadiza: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba, Auwalu. Gawayinka iska ya bi. Yawancinsa kabon ne, in ya kama wuta sai ya haɗu da oksijin ya zama iskar kabon dayoksaid. Kabon giram 12 yana jawo oksijin giram 32, a samu giram 44. Ka ga abin da ya tashi daga kaskonka ya kusa ninka gawayin sau uku a nauyi, ba shi da launi ne shi ya sa ba ka gan shi ba. Lavoisier, wani Bafaranshe, ya riƙa gwajinsa cikin kwalba a toshe yana aunawa kafin da bayan, nauyi bai canza ba. Tun 1789 ya rubuta haka. Kowace shekara sai na koyar da shi a aji.

Auwalu: To Yaya, zafin da ya gasa mini ƙafafu daga ina ya fito? Daga babu?

Yaya Hadiza: Daga rana, ta hannun bishiya. Ita ta tara hasken shekara da shekaru a jikinta. Da kabon da oksijin suka ƙulle, rarar makamashin ta fita a zafi da haske. Ko ƙwayar zarra ɗaya ba ta ɓace ba.

Kawu Isa: Ina bayan Hadiza. Batirin sola kullum a kafaɗata yake, daga Terminus har gidajen mutane. Cike da caji ko a mace, nauyinsa ɗaya.

Nura: Kawu a gafarce ni, zan sa baki. Na zauna na yi lissafin. Kilo guda na gawayi yana ba da makamashi wajen jul miliyan 30 (jul ma'aunin makamashi ne). Gudun haske kilomita 300,000 ne a daƙiƙa. In aka raba makamashin da gudun nan sau kansa, nauyin da ya tafi da zafin bai wuce sulusin maikrogiram ba, wato a raba giram ɗaya gida miliyan uku a ɗauki guda. Don haka akwai ragi, kamar yadda Einstein ya nuna a 1905. Batirin Kawu ma in ya cika ya fi nauyi, sai dai babu sikelin da zai nuna.

Auwalu: Allahu akbar! Kun ji dai, maganata ta fito.

Yaya Hadiza: Ba ta fito ba. Kilo guda ka ce ya zama zafi, Nura kuwa abin da bai kai ƙwayar ƙura ba yake magana a kai. Da kilo gudan nan ya zama makamashi tsagwaronsa, da babu Jos yau da safe.

Nura: Gaskiyar Yaya. Bam ɗin Hiroshima na 1945, nauyin da ya koma makamashi bai cika giram ɗaya ba. Inda abin yake da yawa a cikin rana ne, tana asarar wajen tan miliyan 4 duk daƙiƙa, kuma ɗan abin da ya iso mu shi farantan sola na Kawu suke kamawa.

Goggo Asabe: Ni ba wannan ya dame ni ba. Auwalu, a cikin ɗaki ka kwana da kaskon?

Auwalu: E Goggo, amma na ɗan buɗe taga.

Yaya Hadiza: Kada ka sake, don Allah. In oksijin ya yi ƙaranci, iskar kabon monoksaid mai guba gawayi yake fitarwa. Ba wari, ba hayaƙi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Ka ɗumama ɗakin ka fitar da kaskon waje.

Kawu Isa: Nura, maganar batiri har yanzu ban karɓa ba. Ranar Asabar ka zo shago, zan aro sikelin masu awon zinariya, mu ɗora batirin waya kafin caji da bayansa.

Nura: Zan zo Kawu, in sha Allahu. Amma na waya bambancinsa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba, sikelin ba zai motsa ba.

Kawu Isa: Kai dai ka zo.