Neman shawara: ba a ga gawar maigidana ba, tsoro kuma ya hana ni sakat

Mai tambaya, daga Yagwa, a arewacin Kamaru:
Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Maigidana ɗan kasuwa ne, shinkafa yake saya a nan yana haye kogin Logon da ita zuwa Bongor a Chadi, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. A daminar 2024, lokacin ambaliyar da ta cinye unguwanni a garinmu, ya ce dole ya kai kayan da aka riga aka biya shi kuɗinsu. Na roƙe shi ya jira ruwa ya janye, ya ce amana ce, har ya ajiye wayarsa a kan taga don kada ta jiƙe. Kwalekwalen ya kife, masunta suka tsamo wasu, shi ba a same shi ba har yau. Tun daga nan ba na iya zama a sujada in an fara waƙoƙin tashin matattu, kuma da zarar hadari ya haɗu sai in kulle yara a ɗaki. Danginsa suna so a yi sujadar tunawa da shi, na ƙi. Na ba da gaskiya ga tashin matattu tun ina yarinya, amma wanda ba shi da kabari, daga ina zai tashi? Me ya sa kuma bangaskiyata ba ta kore mini tsoro ba?

Wani dattijon ikilisiya, daga Garwa:
'Yata, sannu da rashi, Allah ya ba ki haƙuri. Tambayarki tana da amsa a rubuce, ba sai an yi dogon nazari ba. Wahayin Yahaya 20:13 ya ce teku za ta ba da matattun da ke cikinta, to in teku ba ta isa ta riƙe su ba, ina ga Logon? A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya kwatanta jiki da ƙwayar hatsi, wadda ba ta tsiro sai ta mutu a ƙasa, kuma abin da yake fitowa ya fi abin da aka shuka ɗaukaka. A wannan sura ya ce mutum fiye da 500 sun ga Almasihu a raye lokaci ɗaya. Kabari ba sharaɗi ba ne. Sai dai zan faɗa miki gaskiya kamar uba: tsoron nan raunin bangaskiya ne, domin Ibraniyawa 2:15 ta ce Yesu ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk rayuwarsu. Ki share hawaye, ki amince a yi sujadar, ki koma kujerarki ran Lahadi.

Wata 'yar'uwa, daga Marwa:
Ƙanwata, na san wannan ciwo. Mu daga wajen Kolofata muka gudo lokacin hare-haren Boko Haram, kuma ƙanena da aka tafi da shi daga gona ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mako biyu aka yi ana zuwa yi mana gaisuwa, daga nan ƙafa ta ɗauke, har waɗanda muke zumunta tare ba su tambayi abin da marayunsa suke ci ba. Kowa yana da aya a baki, amma mudun gero ya gagara. Kada ki bari kowa ya matsa miki.

Wani malamin makarantar Lahadi, daga Njamena:
Baba, da girmamawa, ban yarda a kira kukanta rashin bangaskiya ba. A Betanya, Li'azaru yana da kwana huɗu a kabari, Yesu ya riga ya gaya wa Marta, 'yar'uwar mamacin, cewa shi ne tashin matattu da kuma rai, ya san zai tashe shi, duk da haka ya zub da hawaye. A 1 Tasalonikawa 4:13 ma Bulus bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Mama, a ganina ki je sujadar da hawayenki, domin ba a ce sai kin warke za ki shiga gidan Allah ba.

Dattijon, daga Garwa:
Ɗana, Yesu ya yi kuka, amma bai tsaya a nan ba, sai ya ce a kawar da dutsen da ke bakin kabarin. Na daɗe ina tsayawa a bakin kaburbura, na kuma ga yadda lallashi marar iyaka yake tsawaita makoki har ya cinye gida. Maganata tana nan.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, ayar teku ta shiga zuciyata, ban taɓa lura da ita ba. Amma ba taurin kai ne ya hana ni ba. In na zauna a gaban jama'a aka kira sunansa cikin waɗanda suka yi barci, ni ce na binne shi da bakina, alhali ban ga komai da idona ba. Danginsa kuma ba don Allah kaɗai suke gaggawa ba, sai dai wannan magana ba ta nan ba ce.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ngaundare:
Yaya, rashin barci da firgita in an ga hadari abu ne da muke gani ga waɗanda bala'i ya afka wa, kuma ana samun sauƙi in an zauna da ma'aikacin lafiya an yi magana. Wannan bai saɓa wa addu'a ba. Ban ji kin faɗi shekarun yaran ba, ko suna zuwa makaranta da damina?

'Yar'uwar, daga Marwa:
In maganar gado ce, ki yi hankali, haka aka yi wa matar ƙanena, gonar ma ba a bar mata ba.

Mai tambaya:
Yarana lafiyarsu lau, ni ma ba ciwo nake yi ba, uwa ce kawai da ta san abin da ruwa yake yi. Baba, saura tambaya ɗaya: in na ci gaba da roƙon Allah ya dawo da shi da rai, a lokaci guda kuma ina sa zuciya ga tashinsa a ranar ƙarshe, na yi zuciya biyu ke nan a gaban Ubangiji?