Sunan muhallin Python ya ɓace daga layin umarnina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Samaru nake rubutowa, kwana uku ke nan wannan abu ya hana ni sakat.

Ubuntu 22.04 nake amfani da shi, da bash, manhajar da ke karɓar umarnin da nake rubutawa. Ina so layin da nake rubuta umarni ya riƙa nuna sunan na'urar, da reshen Git (manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli), da muhallin Python da na kunna. Ba don ado ba: makon jiya na goge fayilolin wani abokin ciniki a saba (server), alhali na zaci a kan kwamfutata nake. Har yanzu abin na damuna.

A cikin .bashrc, fayil ɗin saitin bash, na sa PROMPT_COMMAND (umarnin da bash ke gudanarwa kafin ya nuna layin umarni) ya riƙa sake gina PS1 (rubutun da ke farkon layin), reshen Git ya fito daidai. To amma da zarar na kunna venv, wato muhallin Python ɗin, sunansa ba ya bayyana ko kaɗan. Zatona PROMPT_COMMAND ne ke shafe abin da activate, fayil ɗin da ke kunna venv, ya ƙara a PS1. Shin in karanto VIRTUAL_ENV (inda activate ke ajiye adireshin muhallin) da kaina ne, in saka VIRTUAL_ENV_DISABLE_PROMPT don hana activate taɓa PS1?

Sannan tun da na sa jan launi, dogon umarni sai ya dawo ya hau kan farkon layin. Don Allah wa ya taɓa gyara wannan?