Senti ɗin da bai bugu sosai ba: sabo ne ko gogagge?

Ɗanjuma: Jama'a, ni fa makin da ake bai wa tsofaffin senti na Amurka ya ɗaure mini kai. Na ga senti mai hoton Shugaba Lincoln, bugun San Francisco na 1925, gemun mutumin ya baje, zangarniyar alkamar da ke bayansa da ƙyar ake ganin layukanta, amma an rubuta masa maki 63, wai bai taɓa shiga hannun jama'a ba. A wurina kwandalar da zanenta ya ɓace gogaggiya ce, ko ma me ya jawo.

Malam Idi: Ɗanjuma, abu biyu ka haɗa. Ma'aunin Sheldon, wanda ake bai wa kwandaloli maki da shi daga 1 zuwa 70, goguwa yake fara dubawa. Daga 60 zuwa sama ana nufin hannu bai ci kwandalar ba. A shekarun 1920 gidajen buga kuɗi na Denver da San Francisco sukan yi ta aiki da hatimin ƙarfe har ya gaji, shi ya sa senti da yawa suka fito da zane a dushe tun ranar da aka buga su.

Ɗanjuma: To Malam, yaya za ka bambance? Ido ɗaya ne ke kallon su duka.

Malam Idi: Sheƙi. Ka karkata ta ƙarƙashin fitila kana juyawa a hankali. In rashin bugu ne, sheƙin yana nan har a inda zanen ya baje. In goguwa ce, sheƙin zai yanke a kumatun Lincoln da muƙamuƙinsa, launin wurin ya sauya.

Hajiya Binta: Malam, na yarda da batun sheƙi, amma kada a danne Ɗanjuma gaba ɗaya. Senti biyu su ci 64, ɗaya tas, ɗaya kamar an shafa masa laka, wa zai biya kuɗi ɗaya a kansu? Ni ba zan biya ba. Su kansu masu ba da makin, in aka hau sama sosai suna la'akari da ƙarfin bugu.

Ɗanjuma: Yauwa Hajiya!

Hajiya Binta: Dakata, ban gama ba. Dubi na 1922. A waccan shekarar, Denver kaɗai ta buga senti, guda 7,160,000, don haka kowanne ya kamata ya zo da harafin D, alamar Denver, a ƙarƙashin shekarar. Wasu suka fito babu shi. Aibin bugu ne zalla, amma shi ne ya mayar da su abin nema ruwa a jallo. In muka bi hukuncinka, sai mu zuba su cikin tarkace.

Malam Idi: Kuma ba duk marar D ne mai tsada ba. Wanda ake rububi shi ne wanda aka goge hatimin gabansa har D ya ɓace, aka haɗa shi da sabon hatimin baya, shi ya sa bayansa ke fitowa tsaf. Kamfanonin ba da maki, PCGS da NGC, suna ware shi daban. Sauran kuwa maiƙo da datti ne suka toshe harafin, bayansu ma a dushe yake, wani lokaci har kana hango inuwar D ɗin.

Ɗanjuma: Ke nan aibi ɗaya na ƙara kuɗi, wani na ragewa. Wannan ai son rai ne, Malam.

Malam Idi: Ƙarancin abu ne ke sa farashi, ba maki ba. Maki ya gaya maka yadda hannu ya ci ta, sauran idonka ne da aljihunka.

Hajiya Binta: Ni abin da ke ba ni tsoro ma daban ne: masu kankare D da gangan. In an kawo maka na 1922, duba lamba 2 ta biyu a shekarar. A na ainihin, wato mai bayan da ke fitowa tsaf, ta fi ta farkon fitowa.

Ɗanjuma: Zan duba. Amma wancan na 1925 ɗin, ko da 63 ɗinsa, ba zan saya a kuɗin da aka sa masa ba.