An Ɗauke Dutsen Olimfus Daga Girka An Kai New York

Malamin Adabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ban ga inda ya dace in amayar da shi ba sai nan. Ina koyar da adabin Ingilishi a wata makarantar sakandare, kuma muna cikin darasi muka ci karo da sunan Perseus, sai na tambayi aji ko akwai wanda ya san shi. Hannaye suka tashi har raina ya yi fari, amma yaron da na nuna ya ce mini ɗan Poseidon ne, mai mulkin teku. Da na ce masa Perseus ɗan Zeus ne, shugaban allolin Girkawa, da wata mace mai suna Danae, sai wata yarinya ta zaro littafi daga jaka, bangonsa duk an liƙe shi da salatif saboda yawan hannun da ya bi, ta ce ai ga shi nan a rubuce. Littafin farko ne na jerin Percy Jackson, wanda Rick Riordan ya fitar a 2005, kuma jaruminsa yaro ne mai suna Percy, ɗan Poseidon. Na tambaye ta inda Dutsen Olimfus, mazaunin allolin a labaran Girkawa, yake, ta ce a hawa na 600 na benen Empire State da ke New York, alhali benen hawa 102 gare shi, dutsen kuwa yana nan a arewacin Girka da tsayinsa na sama da mita 2,900. A cikin littafin an kai ƙofar duniyar matattu Los Angeles, an mai da Medusa, macen nan mai macizai a maimakon gashi, mai sayar da mutum-mutumin ado a New Jersey, kuma dalilin da aka bayar shi ne allolin suna bin cibiyar wayewar Yamma duk inda ta koma, daga Girka zuwa Rum, yau kuma Amurka. Wannan dalilin ne ya fi ƙona mini rai, domin yana koya wa yaro cewa Amurka ce magajiyar komai. Ni a ganina waɗannan littattafai sun ƙwace tatsuniyoyin Girkawa sun mai da su kayan wasu.

Tsohon Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina ina roƙon ka janye kalmar tatsuniya, domin malamin adabi bai kamata ya yi wannan kuskuren ba. Tatsuniya ita ce wadda kaka take buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku" ta rufe da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera", kuma ita da yaran da ke sauraro duk sun san ƙirƙira ce, shi ya sa ake cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Girkawa kuwa bauta suke yi wa Zeus, sun gina masa ɗakin bauta a Olimfiya, suna yi masa yanka, kuma wasannin Olamfik da ake ƙirga farkonsu daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don girmama shi ake yin su. Babu wanda ya taɓa gina wa Gizo ɗakin bauta.

Uwar Yara Uku: Ranka ya daɗe, ni ban ga laifin Malam ba. Duk labarin da aka ce mace tana da macizai a maimakon gashi, wanda ya kalle ta ya zama dutse, to tatsuniya ce, ko da kuwa an gina mata ɗaki dubu. 'Ya'yana biyu sun karanta littattafan nan biyar, kuma da sunan tatsuniya na saya musu, da an ce mini addini ne da ban kai su gidana ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya, abin da kika kira su da shi a ranar da kika saya bai canza abin da suke ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen Athens suka yanke wa masanin falsafa Socrates hukuncin kisa, kuma cikin tuhumar da aka yi masa har da ƙin yarda da abubuwan bautar birnin. Shin an taɓa kashe mutum don ya ƙaryata Gizo da Ƙoƙi?

Ɗalibar Jami'a: Baba, da girmamawa, ina ganin an haɗa abubuwa biyu wuri guda. Bauta daban, labaran da mawaƙa suka tsara daban, kuma su kansu Girkawa sun san haka, tunda masanin falsafa Xenophanes ya zargi mawaƙansu Homer da Hesiod da jingina wa abubuwan bautarsu sata da zina da yaudara. Kuma wannan ne ya dawo da ni kan maganar Malam, domin labaran ba su taɓa tsayawa a siffa ɗaya ba. A wurin Hesiod, Medusa ɗaya ce daga cikin 'yan'uwa uku da ake kira Gorgon, amma Ovid, mawaƙin Rum da ya zo bayan ƙarnuka da dama, shi ya ba da labarin cewa kyakkyawar budurwa ce da aka mai da gashinta macizai don a hukunta ta. Euripides, marubucin Girka, shi ma ya rubuta wasan kwaikwayo inda Helen, matar da aka ce saboda ita aka yi yaƙin Troy, ba ta taɓa zuwa birnin Troy ba, tana Masar duk tsawon yaƙin. Idan na dauri sun juya labaran yadda suka ga dama, da wace hujja za a hana na yau? Kuma shi Percy ba Perseus ba ne, sunansa kawai aka sa masa, littafin ma ya faɗi haka.

Mai Kantin Littattafai: Ni dai kalmar da ta dace a wurina ita ce almara. Tatsuniya ta yara ce, ta dare ce, almara kuwa ta fi faɗi. Shekara da shekaru ina sayar da littattafai, kuma a kantar almara nake jera irin waɗannan.

Tsohon Ɗan Jarida: Alhaji, kantar da ka jera littafi a kanta ba hujja ba ce a muhawarar ilimi. Masana adabin Hausa suna da kalmar tarihihi, wato labarin da ke ɗauke da ƙamshin tarihi amma an cuɗa shi da abubuwan al'ajabi, kamar labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu. Yaƙin Troy a nan ya faɗo, tunda an tono kufan birnin a ƙasar Turkiyya ta yau.

Mai Kantin Littattafai: Ranka ya daɗe, ban ji daɗin yadda ka yi magana a kan sana'ata ba. Wanda ya yi shekaru yana ganin abin da mutane ke saya da abin da suke dawowa nema yana da abin faɗa, ko da bai taɓa riƙe alƙalamin jarida ba. Kuma ka fara da cewa addini ne, yanzu ka koma tarihihi, to wanne za mu ɗauka?

Limamin Unguwa: 'Yan'uwa, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. Malam ya rubuta "alloli" a saƙonsa na farko, babu wanda ya tanka. Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, don haka a ce gumaka. Kuma idan maganar ɗan jarida ta tabbata cewa bauta ce, to iyaye su yi tunani kafin su miƙa wa yaro littafin da jaruminsa ake cewa ɗan abin bauta ne da mace 'yar Adam.

Ɗalibar Jami'a: Allah ya gafarta Malam, babu wanda ke jayayya da tauhidi a nan. Sai dai gunki abu ne da aka sassaƙa, ba ya motsi ba ya magana, su kuwa waɗannan a cikin labari suna fushi, suna kishi, suna aure, sun fi kama da abin da Bahaushe ke kira iskoki. Idan an ce alloli a darasin adabi, ana ba da labarin abin da wasu mutane suka ɗauka ne, kamar yadda malamai ke ambaton Lata da Uzza idan suna bayanin zamanin jahiliyya.

Limamin Unguwa: 'Yata, malamai suna ambaton su ne don a guje su, ba don yaro ya kwana yana fatan a ce shi ɗan ɗayansu ne ba. Bambancin ke nan.

Uwar Yara Uku: Allah ya gafarta Malam, ka sa ni cikin damuwa, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Ɗana na biyu ya kai shekara goma sha ɗaya ba ya iya gama shafi guda, haruffa suna rikice masa, ana ta ce masa daƙiƙi. Da yayarsa ta karanta masa babin farko ya ji cewa shi ma Percy haruffa suna yi masa yawo a kan takarda, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya karɓe littafin ya shige ɗaki da shi, yana bin layi da yatsa har aka kira sallar isha'i. Daga baya na ji cewa marubucin malamin makaranta ne a Texas, kuma ɗansa mai irin wannan matsalar ya fara tsara wa labarin da dare kafin barci. To labarin da uba ya tsara wa ɗansa da dare, idan ba tatsuniya ba ne, mene ne? Yaron nan bai fasa salla ba, bai fasa zuwa Islamiyya ba, kuma ya san ƙarya ce kamar yadda ya san Gizo ƙarya ne.

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro basira. Amma abin da Riordan ya tsara wa ɗansa shi ne ƙirƙira, ni kuwa a kan asalin labaran Girkawa nake magana, kuma a kansu Malam ya ɗora kalmar.

Malamin Adabi: 'Yan'uwa, na janye tatsuniya, na janye alloli, ku sa duk kalmar da kuka ga dama. Abin da na kawo shi ne batun mai da Amurka magajiyar Girka, kuma ban da 'yar'uwa ɗaliba babu wanda ya ko kusanci wurin. Ita ma ina da amsa gare ta: Ovid da Euripides sun canza abin da ya faru a cikin labari, amma ba su ce dutsen ya tashi ya bi mai ƙarfin zamani ba.

Wani Matashi: Malam, ni fim ɗin da aka yi daga littafin a 2010 na kalla, kuma gaskiya ban ga wani abin tayar da hankali ba. Wanda Disney+ suka fara nunawa a ƙarshen 2023 ma ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Mai Kantin Littattafai: Ɗana, wanda ya kalli fim bai karanta littafi ba, kuma shi kansa marubucin ya fito fili ya nuna bai gamsu da fim ɗin farko ba. Ina so ma kowa a nan ya faɗi gaskiya, mutum nawa ne suka karanta ko da littafi ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito tsakanin 2005 da 2009? Ina zargin masu ɗaga murya a kan kalma ba su taɓa buɗe shi ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Alhaji, idan da ni kake, ban karanta ba kuma ban ɓoye ba. Na karanta Homer tun kafin a haifi wasu a nan, kuma ba na bukatar littafin yara kafin in san ma'anar tatsuniya a harshen uwata.

Ɗalibar Jami'a: Malam, ina so in koma kan amsarka, domin tana da nauyi. Na yarda cewa maganar wayewar Yamma ita ce mafi rauni a littafin farko, kuma masu nazari sun soke ta. Amma a 2018 aka buɗe wani sashen ɗab'i da sunan Riordan don marubutan wasu al'ummomi su rubuta nasu labaran da kansu, kuma a cikinsa ne Kwame Mbalia ya fitar da littafinsa a 2019, wanda Anansi, gizon labaran mutanen Akan na Ghana, yake ciki. Wannan ba ya goge abin da ka gani a ajinka, amma ya kamata a sa shi a ma'auni.

Limamin Unguwa: To ga shi nan, an ce Gizo. Idan na Gizo ne babu mai magana, domin ba a taɓa bauta masa ba, ɗan jarida ma ya faɗa tun farko.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna kafin in rufe wannan batu. Abin da ya fito fili shi ne kalmar tatsuniya ba ta dace da labaran Girkawa ba, kamar yadda babanmu ɗan jarida ya tabbatar da hujjoji na tarihi da babu wanda ya iya karyawa, kuma shi Malam da ya kawo maganar ya amince ya janye ta. An kuma fahimci cewa tarihihi ce kalmar da ta fi kusa, sannan nasihar Liman ta samu karɓuwa, wato iyaye su riƙa duba abin da 'ya'yansu ke karantawa. Sauran maganganun da suka shafi fim da kantin littattafai ba su da alaƙa da batun. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mai Kantin Littattafai: Shugaba, ban ji inda aka amince da tarihihi ba, mutum ɗaya ne ya faɗe ta, kuma kowa ya san tare kuka yi aiki.

Malamin Adabi: Shugaba, na janye kalmar ne don a samu a koma kan tambayata, ba don an gamsar da ni ba, kuma taƙaitawarka ba ta ambaci tambayar ba ko sau ɗaya. Ranar Litinin zan shiga aji da taswirar Girka in nuna wa yaran inda dutsen yake, sannan in roƙi yarinyar ta ara mini littafin in sake karanta babin da aka yi bayanin ƙaurar, mu tattauna shi tare da su. 'Yar'uwa ɗaliba, ki taimaka ki rubuto mini sunan wasan kwaikwayon Euripides da kika ambata, ina so in haɗa da shi.