Hutun bazara a yankin tsaunuka da yara uku da kakarsu: yaya ake tsara kwana 8?

Uwargida:

Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin hutun bazara na kwana 8 a yankin tsaunuka, ni da maigida da yara uku, 'yan shekara 3, 8 da 12, sai kakarsu da ta haura 60, gwiwa kuma na damunta. Ba mu tsayar da wuri ba tukuna. Maigida da babban yaron su dai a hau dutse, ƙaramar kuwa ba ta tafiyar minti 20 ba ta ce a goya ta ba. A ina ya kamata mu kama masauki, can sama ko a ƙasa? Tafiyar kilomita nawa yara za su iya a yini? Me za mu ɗauka? Masu sani a taimaka don Allah.

Ɗan Jagora:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki kalli hoton kowane otal, nemi lamba ɗaya: tsayin garin daga saman teku. Ku kwana a kwari, tsakanin mita 800 zuwa 1,500, ku riƙa hawa sama da rana kuna saukowa da yamma. Masauki ɗaya ya isa kwana takwas ɗin nan. Masu sauya otal duk bayan kwana biyu, rabin hutunsu a ɗaure kaya da kwance kaya yake ƙarewa. Ki zaɓi garin da ke da tafki ko wurin wasan yara, da asibiti kusa, da tashar motar igiya, wato ɗakin nan da ke rataye da waya yana hawa da mutane sama. Da ita kaka za ta ga ƙololuwa ba tare da ta wahalar da gwiwa ba.

Maganar kilomita kuma, a dutse ba da ita kaɗai ake awo ba. Akwai lissafin da wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake aiki: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Hanya mai kilomita 6 da hawan mita 450 ke nan kusan awa biyu ga babba mai lafiya, babu hutu a ciki. Da yara ki ninka, ki ce awa huɗu. Ɗan shekara 8 zai yi irin wannan idan ana tsayawa, ɗan 12 zai fi haka. 'Yar shekara 3 kuwa kilomita ɗaya ko biyu za ta taka, sauran a bayan wani ne, don haka mai goyon kada a ɗora masa jaka. Tafiyar farko ta zama rabin abin da kuke ganin za ku iya, daga nan ku gane ƙarfin kowa.

Ki kula da alamomin hanya. A Suwizalan, misali, alama rawaya hanya ce ta kowa da kowa, fari-ja-fari ta dutse ce mai tsini da gangare, fari-shuɗi-fari kuwa ta ƙwararru ce, ba ruwanku da ita. Kowace ƙasa da irin nata, a tambaya a ofishin baƙi ranar farko. Kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa. In akwai zaɓi, a hau da ƙafa a sauko a motar igiya, amma a duba lokacin motar ƙarshe, da yawa tun da yamma suke rufewa.

Abin da ya fi ɓata wa baƙi shiri shi ne hadari. A bazara safiya kan waye tas, rana ta dumama kwari, iska mai ɗumi ta hau, bayan azahar sai tsawa. Ku fita da ƙarfe 7 ko 8, zuwa ƙarfe ɗaya kun bar wuri mai tsayi. Idan aka yi walƙiya a ƙirga daƙiƙu har a ji tsawar: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ta yi ƙasa da daƙiƙa 30 a bar kan tudu, a nisanci itace tilo da bakin ruwa da igiyoyin ƙarfe, a shiga gini ko mota, kada a fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Anti Nas:

Malam Jagora ya yi daidai a kan kwana ƙasa, bari in faɗi dalilin don maigida ya yarda. A mita 3,000 abin da huhu ke samu na iskar oksijin a kowane numfashi kusan kashi 70 ne cikin ɗari na abin da yake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 ne ciwon tsauni ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, rashin barci. Yawanci sai bayan awa 6 zuwa 12 da isa yake bayyana, shi ya sa wanda ya leƙa sama na awa biyu ya sauko ba kasafai yake shan wahala ba, wanda ya kwana can ne ke kwana da shi. Ƙarfin jiki ba ya karewa, saurin hawa ne ke jawo shi. Motar igiyar Chamonix a Faransa tana ɗaukar mutum daga mita 1,035 ta kai shi ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kamar minti 20. Tashar jirgin ƙasa ta Jungfraujoch a Suwizalan mita 3,454 ce. Irin waɗannan a bar su sai kwana na huɗu ko na biyar, kuma ni a ganina ƙaramar da kaka su tsaya a tashar tsakiya, kyan wurin bai ragu ba.

Yarinya 'yar shekara 3 ba za ta ce kanta na ciwo ba. Za ki ga rigima babu dalili, ta ƙi cin abinci, ta daina wasa. Ki ɗauka tsayin ne har sai an tabbatar da wani abu daban, ku sauko. Saukar mita 300 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi. Wanda ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, wannan na asibiti ne nan take.

Tambayar da ba a cika yi ba: akwai mai sikila a gidan? Ƙarancin oksijin na tayar da ciwon. Hatta mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba, saifarsa na iya samun matsala a wuri mai tsayi sosai, alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. A ga likita kafin a sayi tikiti. Haka kaka in tana da hawan jini ko ciwon zuciya.

Sutura: duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Kwari na digiri 26, mita 2,000 sama da shi digiri 13 ne, ga iska. Kowa ya sa riga mai shan zufa wadda ba auduga ba, don auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa, sai suwaita da rigar ruwa a jaka. Wadda aka goya ta fi kowa jin sanyi saboda ba ta motsi. Mai goyon na zufa, ita ƙafafunta sun yi ƙanƙara, a riƙa taɓawa. Sanyin kuma yaudara ne, rana ta fi ƙona fata a sama, wajen kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000. Man kare fata mai lamba 30 ko fiye duk awa biyu, hula mai faɗin baki, tabarau. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga babba a tafiyar rabin yini. Na ƙorama komai haskensa kada a sha sai an tafasa minti ɗaya, sama da mita 2,000 minti uku, don a can ruwa kan tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba. Takalmi sabo fil shi ke kawo bororo, a fara sa shi makonni biyu kafin tafiya. Da dare a duba bayan kunne da hammata da bayan gwiwar yara saboda kaska.

Tsohon Direba:

In da mota za ku, Hajiya, ki karanta wa maigida wannan. Gangaren dutse ba a saukarsa da birki, da giya ake saukarsa. Giyar da ta hau da kai, ita za ta sauko da kai. Mai otomatik ya mayar L ko 2. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, takalmin birkin zai ɗau zafi, man birki ya tafasa, sai ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu kamu. A taka da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki ya huce. In an ji ƙauri a faka. Firi kuwa ko da wasa. A hanyar Pikes Peak ta Amurka, mai kaiwa mita 4,302, har tsayar da masu saukowa ake a auna zafin birkinsu.

A hawa, in allurar zafi ta tashi a kashe AC, in ta ƙi sauka a tsaya, kada a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce. Mota za ta yi nauyi a sama, ita ma iskar ce ba ta ishe ta ba, ba lalacewa ta yi ba. Kwanonin hanya kuma na sa yara amai: a karɓe wayoyi, su kalli gaba, leda na kusa. Kilomita 60 a irin wannan hanya ta kan ci awa biyu.

Malama Mai Tsari:

Ni dai ina ganin an cika hawa a zancen nan. Kwana takwas da 'yar shekara 3, yini mai nauyi uku ya isa, ko wanne a bi shi da mai sauƙi. Ranar isa babu komai sai zaga gari. Ranakun sauƙi a yi kwalekwale a tafki da rigar ceto, ko jirgin ƙasa mai zaga duwatsu, ko a je magangarar ruwa da keken yara ke isa. Yini ɗaya a rabu biyu, uba da babban yaro su je su ƙure ƙarfinsu. A bar yini ɗaya babu shiri, ruwan sama zai cinye shi.

Ki auna tsayin yaran da santimita tun a gida, domin wuraren lilo da igiya da keken gangare da tsayi suke karɓa, kuka a bakin ƙofa ba daɗi. Masauki a kama shi da wuri, Yuli da Agusta cike ake. Tikitin ƙololuwa kuwa a jira sai an ga hasashen yanayi da kyamarar da ke nuna saman kai tsaye, kada a biya a je a kalli hazo. Wasu hanyoyin sama dusar ƙanƙara ba ta barinsu sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A sauke taswira a waya tun da sabis, a riƙe fawa-bank da tocila, ko wane yaro da usur a wuya da lambar waya a aljihu. A Turai lambar gaggawa 112 ce. Inshorar tafiya a karanta ta, ba kowacce ke biyan ceto da jirgi mai saukar ungulu ba.

Uwargida:

Allah ya saka da alheri. Ɗan shekara 8 ɗin AS ne, ban taɓa kawo wannan a raina ba, za mu ga likita. Anti, kunnen ƙaramar fa a motar igiya?

Anti Nas:

A saukowa ya fi toshewa. Ki ba ta ruwa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga sama, haɗiyar ce ke buɗe shi, kuma kada ta yi barci a lokacin. In tana mura mai ƙarfi ranar, ku ɗaga hawan zuwa wata rana.